Wai ina ake samun sababbin waƙoƙin yaran da rediyo ba ta sa su?

Ɗan_Fagge

Salamu alaikum jama'a, dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka san harkar waƙa ta ciki ba ta sama-sama ba. Wlh na gaji, duk manhajar da na buɗe mutum biyar ɗin nan ne dai suke ta juyawa, ka hau adaidaita su ne, ka je wajen mai aski su ne, ka shiga TikTok ma guntun amshinsu ne ake ta rawa a kai, kuma ba wai ina kushe su bane, sun yi ƙoƙari Allah ya ƙara ɗaukaka, amma na san ba su kenan ba. Titin Zoo na Kano kaɗai situdiyo nawa ne a ciki, kullum da daddare ana buga kiɗa ana ɗora murya, to waƙoƙin nan ina suke zuwa in an gama su? Haka Kaduna, haka Jos da Bauchi inda ƴan gambarar zamani suke da yawa, balle kuma Maraɗi da Damagaram.

Abin da nake nema shine sababbin abubuwa na yaran da ba su da uban gida, ba kamfani ba ɗan siyasa, su suke biyan kuɗin situdiyo daga aljihunsu su saki da kansu. Ko rap ne, ko mai gurmi ne, ko jita, ko ma wani sabon salo da ba a sa masa suna ba tukuna, duk ina so. A ina ake samu, kuma yaya mutum zai san abu ya fito a satin da ya fito ba sai bayan shekara ba? Sannan tambaya ta biyu wadda ta fi damuna, in na ji waƙar ta burge ni ta wace hanya ɗan abin da zan bayar zai isa hannun mai ita? Dan na lura wasu ko sunansu babu a jikin waƙar, sai ka ga an rubuta sabuwar waƙa 2024 da lambar wayar wani mai shago shikenan.

Tsohon_Mai_Turi

Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan tambayar taka ta faɗo gidan sauƙi dan na yi sana'ar turi a Farm Centre shekaru kafin na koma gyaran waya, kuma gaskiyar magana ita ce abin da kake nema ba a manhaja yake fara fitowa ba, a kwamfutar masu turi yake fara sauka. Yaro in ya gama waƙa a situdiyo da daddare, da safe filas zai ɗauko ko ya turo ta WhatsApp ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a saka masa a foldar sababbi, wani har ɗan na goro yake bayarwa dan duk wanda yazo a cika masa memori a haɗa masa da tasa ko bai tambaya ba. Kaga kenan mawaƙin ne yake biya a raba waƙarsa, ba shi ake biya ba, mu kuma muna karɓar kuɗin turi a hannun mai waya. Haka abin yake tun da kasuwar kaset da sidi ta Ƙofar Wambai ta mutu.

To in kana son sababbi ka samu mai turi guda ɗaya ka riƙe shi, amma ba kowanne ba, akwai masu turi da finafinan Indiya fassara da na Koriya kawai suka sani, akwai kuma wanda kunnensa yake kan waƙa. Yadda zaka gane shi, ka ce ya buɗe maka foldar da ba ta tafiya. Kowane mai turi yana da ita, inda ake jibge waƙoƙin da aka kawo babu wanda ya tambaya, wata zaka tarar da ɗaruruwa a ciki, rabi shirme ne ba zan ɓoye maka ba, kiɗan fiyano iri ɗaya da murya da aka matse da ototun, wato manhajar gyaran murya, har ba ka gane mace ce ko namiji, amma a cikin ragowar zaka ci karo da abin da sai ka tsaya ka cire iyafis ka tambaya wai wannan waye.

Matsalar suna da ka faɗa kuma laifinmu ne mu masu turi da masu shafukan saukewa, kowa so yake sunansa ya fito, sai a goge sunan mawaƙi a sa na shago, wani ma har murya yake ɗorawa a farkon waƙar yana tallan kansa. Waƙa in ta bi ta Xender sau uku huɗu ta zama marainiya. Shiyasa yaran suka koyi dabara suna ambaton sunansu da na situdiyo da na mai kiɗa a cikin waƙar, farko ko ƙarshe, mutane suna ganin kamar yabon kai ne alhali ita kaɗai ce shaidar da ba a iya gogewa. Dan haka in ka ji wadda ta maka kada ka tsallake ƙarshenta, nan sunan yake.

A intanet kuma ni Audiomack na fi ba ka shawara, dan ɗorawa kyauta ce shiyasa yaran da ba su da kuɗi can suke zubawa. Kada ka tsaya a shafin farko, ka nemo mutum ɗaya da ka sani ƙarami ka duba waɗanda suka yi waƙa tare da shi, daga wannan ka faɗa kan wancan. Sai kuma situdiyo ɗin kansu, ka bi furodusa ba mawaƙi ba, dan furodusa ɗaya yara ashirin suna bi ta hannunsa kuma duk abin da ya gama sai ya sa guntunsa a sitatus.

Ba_Agadashe

Salam ƴan uwa, ni daga Nijar nike, ku yi haƙuri da Hausata ta nan wajenmu. Abin da Malam mai turi ya faɗi na foldar da ba ta tafiya ya sa dole in sa baki, dan akwai mutumin da ya mai da irin wannan folda kamfani sukutum kuma yanzu duniya na saye. Sunan kamfanin Sahel Sounds, yana birnin Portland a Amurka, mai shi Christopher Kirkley, a 2009 ya fara shi a matsayin shafi kawai. Ya zauna Kidal a arewacin Mali yana kwasar waƙoƙi daga kart memwar, wato memorin waya, na mutane, in ya ba ka nashi ka ba shi naka, daga baya a 2011 ya fitar da su a faifan garmaho da sunan Music from Saharan Cellphones, amma kafin nan sai da ya sha wahalar neman masu waƙoƙin dan a biya su, saboda irin matsalar nan taku ce ta rashin cikakken suna.

Cikin waɗanda ya nemo akwai Mdou Moctar, Buzu ne daga yankin Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan, bahago ne kuma jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta da wayar birkin keke. To ga abin da ƴan Najeriya da yawa ba su sani ba, albam ɗinsa na farko Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, a situdiyo irin na waƙoƙin nanaye, da ototun ɗin nan da Malam yake kushewa da kiɗan inji, sai dai da Tamashek ya rera. Ba wanda ya buga shi a kasuwa a lokacin, bulutut ne ya kai shi har Mali daga waya zuwa waya. Yau mutumin yana tare da kamfanin Matador na Amurka, ya fitar da Afrique Victime a 2021, Funeral for Justice a 2024, sannan a 2025 ya sake rera waƙoƙin wannan na biyun da jita marar lantarki. Lokacin juyin mulkin Yulin 2023 ma suna Amurka suna wasa, iyakoki suka rufe suka maƙale can wani lokaci.

Idan sababbi kake so daga ɓangarenmu ka nemi Etran de l'Aïr, ƴan gida ɗaya ne daga Agadas, tun 1995 suke kiɗan biki kuma an san su da cewa su ne ƙungiyar da talaka ke iya ɗauka, ni na sha ganinsu a biki ana ɗaura lasifika kan kujera yara sun kewaye ƙura na tashi, janareta na mutuwa ana tadawa. Faifansu na farko da ya fita waje 2018 ne, na biyu 2022, na uku 2024. Sai Les Filles de Illighadad, mata ne daga wani ƙauye kusa da Abalak, Fatou Seidi Ghali ke jita kuma suna haɗawa da tende, wato turmin da ake ɗaure wa fata a buga. A Yamai kuma akwai Tal National, su da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek duk suke yi, shugabansu ya yi aikin alƙali ma a kotu. Kuma in kana son ka ji abin mamaki ka nemi kiɗan Mamman Sani, da ogan lantarki ya yi shi tun 1978 a kaset, mu nan mun taso muna jin sa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin ba mu ma san sunan mai shi ba, sai 2013 aka sake buga shi a waje.

Duk waɗannan a Bandcamp zaka same su, can ne kasuwar masu zaman kansu ta duniya, kana iya saurare kyauta kafin ka saya, kuma in ka bi kamfani duk abin da ya saki za su turo maka imel a ranar. Ba Sahel Sounds kaɗai ba, ka bi Nyege Nyege Tapes na Kampala ka ji singeli na Tanzaniya, kiɗa ne mai gudun tsiya na yaran unguwannin Darussalam, ka bi Awesome Tapes From Africa su kuma tsofaffin kaset suke tonowa, har na Gana. A 2020 lokacin korona Sahel Sounds sun yi wani tsari da ya burge ni, kowane wata ƙungiya ɗaya za ta ɗauki waƙoƙi da salula ta tura ta WhatsApp a ɗora a Bandcamp, kuɗin da aka samu duka na masu waƙar ne. Kuma ku ma ba a bar ku ba, a 2013 sun fitar da tarin waƙoƙin finafinan Kano a faifai mai suna Harafin So, turawa suka saya suna ta mamakin ototun.

Mai_Kiɗa_KD

Hmm. Na karanta duka, kuma yallaɓai na Agadas labarinka gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba, amma dan Allah kada mu sa wa yara rai da abin da ba zai same su ba. Mutum nawa ne bature ya tsinci waƙarsu a memori? A kirga da yatsu. Kuma ka duba irin abin da suke ɗauka, jita da rawani da hamada, shi ne abin da kunnen mutanensu yake so, yaron Tudun Wada da yake rap da Hausa a kan kiɗan tirap ba wanda zai zo daga Portland nemansa dan suna da irinsa dubu a gida. Harafin So ɗin ma sau ɗaya aka yi, ka ji an mai da waƙar nanaye sana'a a can?

Ni kiɗa nake bugawa a Kaduna kuma ni nake ɗora wa yara da yawa waƙoƙinsu, bari in gaya wa mai tambaya inda kuɗi yake maƙalewa. Spotify ya shigo Najeriya a 2021 kowa ya yi murna, amma ba ka ɗorawa kai tsaye sai ta hannun dillali irin su DistroKid ko TuneCore, su kuma kuɗin shekara suke karɓa da dala, ga shi daga 2022 bankuna suka yi ta rage abin da katin naira zai iya biya a waje har suka rufe, sai 2025 aka fara buɗewa. A tsakanin nan yaro sai ya nemi wani mai katin dala ya ɗora masa a asusunsa, kaga waƙa ta zama a hannun wani, in sun ɓata shikenan ko a sauke ta ko a ci gaba da cin kuɗinta, na ga wannan rigimar da idona ba sau ɗaya ba. Sannan daga 2024 Spotify suka ce duk waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata 12 ba ba ta da ko kwabo. Ko ta wuce dubun ma, sauraren da aka yi daga Najeriya kuɗinsa kaɗan ne dan kuɗin rajistar wata a nan bai kai na Turai ba. To mutanenmu ma nawa ne suke Spotify? Mai Tecno da itel Boomplay ya tarar a wayarsa dan kamfani ɗaya ne, sauran kuma memori.

Bandcamp kuma tsarinsu ya fi kowa adalci a takarda, kashi 15 suke cira in an sayi waƙa, kuma tun Maris 2020 suna ware wasu Juma'o'i da ba sa cirar komai. Amma da ta PayPal suke biya, mu kuma mun yi shekara da shekaru PayPal yana barinmu mu tura ne ba ya bari mu karɓa. Shiyasa kusan duk ɗan Sahel da ka gani a can ta hannun wani kamfanin waje ya shiga. Bandcamp ɗin ma an sayar da shi sau biyu, Epic Games suka saya a 2022, Songtradr suka saya a 2023 aka sallami kusan rabin ma'aikata.

Abin da yake ciyar da mawaƙi a arewa uku ne kowa ya sani, biki, siyasa, da waƙar da wani ya biya a yi masa, ta amarya ko ta ƙarin shekara ko ta tallan shago. Shiyasa wannan maganar ta mai zaman kansa nake ɗan dariya in na ji, dan kusan kowa a nan ba shi da kamfani, har manyan, abin da ya raba su shine wani yana da Alhaji wani ba shi da. Yaron da ka ji yana zagin ƴan siyasa a waƙa bana, ka jira shekarar zaɓe. Ba zargi nake ba, kuɗin situdiyo da na mai a janareta ba da yabo ake biyansu ba.

To in kana son kuɗinka ya isa, hanya ɗaya ce marar kwana, ka nemo shi a Instagram ko Facebook ka ce ya turo lambar asusu ka tura masa ko dubu biyu ce, wlh ta fi abin da zai samu a manhaja na watanni. In kana da biki a gida ka ɗauke shi maimakon ka kashe kuɗin duka a kan babban suna da zai zo ƙarfe goma ya yi mamin, wato ya bi waƙar da aka kunna da baki, a kan waƙa biyu ya tafi. Kuma dan Allah in zaka tura ka tambaya waye ya buga kiɗan, mu kullum mantawa ake da mu.

Anti_Maman_Biyu

Ku maza duk kun tafi Amurka da dala kun bar abin da yake gabanku. Ɗana mai tambaya, in da gaske waƙar da rediyo ba ta sawa kake nema to ka tambayi matan gidanku me yake cikin wayarsu. Akwai mata masu waƙar biki da na suna da ba za ka taɓa ganin fuskarsu a bidiyo ba dan miji bai yarda ba ko dan gudun bakin mutane, su shiga situdiyo da rana su fito, waƙar ta zaga guruf-guruf na WhatsApp na ƴan adashi da ƴan islamiyya da ƙawayen amarya, kafin wata ɗaya duk kamun da ka je ita DJ yake sawa kuma shi kansa bai san mai ita ba. Ga masu kiɗan ƙwarya da amada har yanzu suna sabbin waƙoƙi, da waya ake ɗauka a tsakar gida kana jin kukan yara da ƙarar tukunya a ciki. Ga sha'irai masu bege da mandiri, lokacin Mauludi sababbin ƙasidu nawa suke fita, su da nasu masu sauraro da nasu masu liƙi ba ruwansu da wata manhaja.

Sannan ba wanda ya taɓo maganar hukuma, alhali ita ma tana cikin dalilin da yasa wasu suke saki a ɓoye. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma a doka waƙa ma sai ta bi ta can. Mu da muka ga shekarun 2007 zuwa 2009 mun san yadda aka yi, an ɗaure Adam Zango a 2007 kan faifan bidiyon waƙa da bai kai tacewa ba, an kama Aminu Ala a 2009, mutane da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. A lokacin ne waƙoƙin martani suka riƙa yawo ta bulutut ba suna ba komai, da gangan aka cire sunan. Dan haka Malam mai turi ba kullum ne laifinku ba, wani mai waƙar shi ya ce a goge.

Ɗan_Fagge

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti wlh kin tuna min, ƙanwata tana da wata folda da take kira na biki ban taɓa buɗewa ba, yau zan karɓi wayar. Oga na Kaduna maganarka ta ɗan kashe min jiki amma na fahimta, zan fara da turawa kai tsaye ɗin. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya, da ka ce kowa mai zaman kansa ne, ni ina ganin akwai bambanci tsakanin wanda ba shi da Alhaji yana nema da wanda zai iya samu ya ƙi, ko da su ƙalilan ne, kuma su nake nema. Yallaɓai na Agadas ya batun ƴan rap na Nijar, har yanzu ana yi kuwa? Dan mu nan in an ce Nijar waƙar soyayya kawai muke ji.

Ba_Agadashe

Ana yi mana, rap a Yamai ya daɗe, tun wajen ƙarshen shekarun 1990 akwai ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney da Wass-Wong, suna cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci kuma maganar cin hanci da zaman banza na matasa suka fi yi. Na yanzu kuma YouTube da TikTok suka fi zubawa, ka riƙa nema da rubutun Faransanci, rap nigérien, dan in ka rubuta da Turancin Ingilishi Legas za ta kai ka.

Malam na Kaduna kuma ina da amsa. Na yarda ba kowa bature zai tsinta ba, kuma na yarda jita suka fi so, mu kanmu nan muna wannan ƙorafin dan masu gurmi da kalangu na Maraɗi ba su samu abin da Buzaye suka samu ba. Amma ni ba cewa na yi a zauna jiran bature ba. Abin da nike nunawa shine aikin da mutumin ya yi ba wani sihiri bane, ya saurari abin da kowa ke tsallakewa, ya zaɓi goma cikin dubu, ya nemo masu su ya rubuta sunan kowa da garinsu da shekara, ya raba riba da su. Wanne ne cikin waɗannan ɗan Kano ko ɗan Damagaram ba zai iya ba? Kai da yara ashirin ke bi ta hannunka ka fi shi sanin wace waƙa ce mai kyau. Ko tashar Telegram ce mutum ya buɗe, duk Juma'a waƙa biyar da cikakken suna da lambar asusun mai ita in ya yarda, ai da mai tambayar nan bai zo yana tambaya ba. Masu shafukan da ake da su yanzu wanda ya biya suke ɗorawa, shiyasa ba ka iya yarda da zaɓinsu.

Mai_Kiɗa_KD

To ai matsalar kenan yallaɓai, ranar da ka buɗe ka ƙi sa waƙar wani yaron unguwa sai uwarsa ta aiko a tambaye ka me ya yi maka, hhh. Amma maganar suna da shekara na karɓa, wannan a hannunmu take, ni yanzu duk abin da zai fita daga situdiyona sai na cike bayanan cikin fayil ɗin, mawaƙi, mai kiɗa, shekara, dan ko an canza sunan waje na ciki yakan tsira in ba a sake juya waƙar ba.

Tsohon_Mai_Turi

Yana tsira in an tura ta a matsayin dokumen, dan haka ku riƙa gaya wa yaran su daina turawa a matsayin odiyo kai tsaye, ballantana masu ɗauka daga sitatus, nan ne sauti yake lalacewa suna ya ɓata. Ɗan Fagge in zaka shiga kasuwa ka je da memori daban kada ka ba da wayarka, kwamfutocin nan cike suke da bairos, kuma ka je da hantsi ranar aiki lokacin ba layi dan mai turi ba zai zauna buɗe maka folda ɗaya bayan ɗaya da yammar Asabar ba. Ka ce masa a jera maka bisa kwanan wata, na sama su ne na satin. In ka samu masu kyau ka dawo nan ka rubuto sunayen mu ma mu nema, musamman in ka ci karo da mai gurmi, dan ni yanzu su nake nema ban cika samu ba.